Garejin da ya gano ciwon Land Cruiser ɗina ba tare da an sauke inji ba

A Kano, in tsohuwar motarka mai shan gas ta daina ja ka kai ta gareji, ɗayan magana biyu za ka ji: ko a ce injekta, wato famfon da ke raba wa inji gas, ta mutu, ko a ce sai an sauke inji an sa ringi. Dukansu aiki ne mai cin kuɗi, kuma sau da yawa ana yanke hukuncin tun ba a gama ɗaga bonet ba. Shi ya sa nake so masu irin motata su san da wani gareji da ke bayan kasuwar Ƙofar Ruwa. Ba shi da allon suna, sai dai ka ga Land Cruiser da Hilux jere a bakin ƙofa. Mai wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka nake kiransa.

Motata Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin 1HZ: silinda 6, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Sana'ata haƙa rijiyar burtsatse, don haka motar ba ta san hutu ba. Ita ke kwasar yarana da bututu da janareta daga Kano zuwa ƙauyukan Gumel da Maigatari, wani lokaci har Machina da Yusufari, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa. A irin wannan hanya, in mota ta rasa ƙarfi ba maganar makara ake yi ba, maganar kwana a daji ce da mutanen da amanarsu ke wuyanka.

Ciwon a hankali ya shigo. A tsaye injin yana aiki lafiya lau, a cikin gari ma ba ka jin komai. Amma da na hau hanyar Gumel da kaya, allurar juyin inji ta kusa 2,500, sai in ji motar ta saki jiki, in taka totur har ƙasa ba ta amsawa. In na faka na ɗan jira, sai ta dawo daidai na wani ɗan lokaci. A yashi abin ya fi muni, domin ko da ƙaramar giya ta ƙafa huɗu sai ta noƙe a tsakiyar hawa. Da safe kuma, in ta kwana, sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi.

Kafin in je wurin Baba na zaga. A wani wuri an canja mini filtar mai da ta iska, ba abin da ya sauya. A wani wurin wani saurayi ya fito da na'urar gwaji yana neman inda zai jona ta, alhali injin nan ba shi da kwamfutar da za ta ba shi amsa. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wanda ya murɗa sukurun ƙarin mai na jikin injekta ba tare da ya gaya mini ba. Motar ta koma tana turnuƙe unguwa da baƙin hayaƙi duk lokacin da na tashi daga tsaye, ƙarfin da nake nema a kan hanya kuwa bai zo ba. Shi ne kuma ya ce in shirya kuɗin sauke inji.

Baba bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Da injin sanyi ne ko sai ya yi zafi? Tana shan baƙin mai? A ina nake shan gas? Wane irin hayaƙi take yi kafin a taɓa injektar?

Na ce, "Baba, kafin nan kusan ba ta hayaƙi, sai ɗan fari-fari wani sa'in."

Ya ce, "To Injiniya, motarka yunwa take ji. Injin da ya rasa iska baƙin hayaƙi yake yi, wanda ringinsa ya ƙare shuɗi yake yi yana shan baƙin mai. Wanda ba ƙarfi ba hayaƙi, mai ne ba ya isa gare shi. Amma ba zan rantse ba sai mun gani."

Duk da haka bai tsallake ƙananan abubuwa ba. Ya sa yaro ya taka totur shi kuma yana duba ko wayar tana buɗe hannun injekta har ƙarshe. Muka ɗan zaga, muka dawo ya dafa kowace ƙafa ya ji ko birki na riƙewa. Ya gwada kuloci a babbar giya, ya ga injin ba ya ihu a banza. Ya buɗe murfin baƙin mai injin na aiki don ya ga ko yana huci. Ya zazzage kofin ƙura da ke ƙarƙashin gidan filtar iska, wanda ƙurar hunturu ta cika. Duk wannan bai ɗauki wani dogon lokaci ba, kuma ba a sayi ko ƙusa ba.

Daga nan ne aikin da ya sa na yarda da shi ya fara. Ya ɗauko guntun tiyo garai-garai, irin wanda magina ke auna lebur da shi, ya cire tiyon da ya tashi daga filta zuwa injekta ya sa wannan a madadinsa. Ya ce in sunkuyo in gani da idona. Injin na aiki ba a taka totur ba, gas yana wucewa tas. Da yaro ya ba shi wuta, sai ga ƙananan kumfa sun fara bi, da aka ƙara wuta sai suka zama jere ba yankewa. Sannan ya nuna mini kan famfon hannu da ke saman filtar, wanda ake dannawa a jawo mai. Ya lotsa ciki da kansa, ya ƙi tasowa.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da nake so kowane mai 1HZ ya riƙe. Wannan mota ba ta da famfon lantarki a cikin tanki da ke turo mai gaba. Injektar ce da kanta take zuƙo gas tun daga tanki, ta cikin bututu, ta cikin filta. Ke nan duk layin zuƙa yake yi, ba turi ba. Saboda haka in wani wuri ya tsage, ba za ka ga gas yana ɗiga a ƙasa ba, iska ce za ta riƙa shiga a ɓoye, kamar mai shan lemo da tsinken roba da ya huje. Abin da ya sa masu neman yoyo da ido ba su ga komai ba ke nan. Lotsawar kan famfon kuma tana nuna akwai toshewa a baya, wajen tanki: injekta na ja da ƙarfi, mai ba ya zuwa, sai ta jawo iska ta tsohuwar robar famfon da ta riga ta bushe. Cuta biyu ce ta haɗu. Ita iskar ce kuma take barin mai ya koma tanki cikin dare, shi ya sa tashin safe ke wahala.

Bai tsaya a magana ba. Ya zuba gas mai tsabta a ƙaramar jarka, ya ɗaure ta da kyau, ya jona tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa injekta, muka fita titi. Motar ta ja kamar ba ita ba. A nan maganar mutuwar injekta ta ƙare, maganar sauke inji ma ta ƙare.

Da aka sauke tankin, mai cin lita 95, abin da ya fito daga gindinsa ya ba ni tsoro: ruwa, tsatsa, da wani baƙin taɓo da ya liƙe rariyar bakin bututu har ba ka ganin ramukanta. Wannan aikin gas ɗin duro ne da jarka da dole kan sa mu saya a ƙauye in tanki ya yi ƙasa. Baba ya ja mini kunne a kan wanda ake gauraya shi da kananzir, domin irin wannan injekta da gas ɗin da ke ratsa ta take samun santsi, kananzir kuwa ba shi da wannan maiƙo, a hankali yake cinye cikinta. Aka wanke tanki, aka busa bututu, aka sa sabon kan filta da sababbin tiyo, ya mayar da sukurun da aka murɗa inda ya dace. Ya ce ƙara wa wannan inji mai fiye da ƙima zafi kawai yake jawowa, ƙarshensa kan inji ya tsage ko fistan ya lalace.

Ni na roƙe shi ya auna kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska a cikin silinda, don zuciyata ta kwanta. Ya cire hita, masu ɗumama silinda kafin tashi, ya auna silinda ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a bayan kwali. Ma'aunin Toyota ga wannan inji shi ne 37 a awon kilo ga lafiyayye, kada ya gaza 27, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5. Nawa duka shida sun haura 30, kusa da juna. Injin da aka ce in sauke ke nan. Ya duba tazarar bawul da injin ya huce, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.25 a na shigar iska, 0.35 zuwa 0.45 a na fitar hayaƙi, ya gyara waɗanda suka kauce. Ya gwada nozul, masu fesa gas cikin inji, a na'urar hannu, biyu suna tsiyaya maimakon feshi, su kaɗai ya ce a canja.

Wurin yana da nasa aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Jira shi ne na farko. Baba ba ya barin yara su yanke hukunci, komai sai ya gani da kansa, don haka in ka tarar da motoci a gabanka, ka haƙura da wannan yini. Ba ya ɗaga waya in yana aiki. Wurin zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin guntun kwano, da rana ta take sai ka nemi inuwa a wani wuri. Ba a ba da rasit, lissafi a baki ake yi, wanda bai dace da mai aikin kamfani da zai kai takarda ofis ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yara suka juye dattin tankina da tsohon gas a ƙasa kusa da kwata. Ni mai haƙa rijiya ne, na san inda irin wannan yake ƙarewa, kuma na faɗa masa. Ya saurara, ya ce zai sa a ajiye duro, ina fata ya cika.

Ba ya sayar da kayan gyara. Kai za ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayo, inda na gaske da jabu suke kwance a kanta ɗaya cikin kwali iri ɗaya. Gara ka roƙi ya haɗa ka da babban yaronsa. Kan filtar da aka fara miƙo mana, yaron ya danna famfon ya toshe bakin da yatsa, ya mayar ya ce ba ya riƙe iska, a kawo wani. Da ni kaɗai ne da na karɓa.

Yana karɓar kuɗin dubawa daban da kuɗin gyara, kuma na ji wani direba yana ƙorafi a kan haka. Ni ina goyon bayansa. Bakaniken da ba ya samun komai sai ya kwance wani abu, dole ya nemo abin kwancewa. Duk abin da na kashe, har da nozul biyu da kan filta, bai kama ƙafar abin da aka yanka mini na sauke inji ba.

Ya kuma gaya mini gaskiyar da masu sayar da mota ba sa faɗa: 1HZ ƙarfinsa wajen doki 130 ne, yana jan motar da ta haura tan biyu tun ba a ɗora mata kaya ba. Ko sabo ne ba ya tsere da kowa, juriya aka san shi da ita. Wanda ya sa manyan tayoyi ya kuma lafta kaya, kada ya zo yana cewa inji ya mutu. Bayan gyaran na yi hanyar Machina da cikakken lodi, ta haye yashin da a da take noƙewa a ciki, da safe kuma bugu ɗaya take tashi. Yanzu ina tsiyaye ruwan gindin filta a kai a kai, ba na jiran fitilar gargaɗi ta kama. Saura taimin bel, bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda a wannan samfurin ake canjawa a kilomita 100,000, kuma a can zan yi shi.

Mai Land Cruiser 70 ko 80, ko tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L, ya je da sassafe, kuma kada ya bari a taɓa injekta kafin ya isa. Mai sabuwar mota mai kwamfuta ko mai shan fetur kada ya wahalar da kansa, Baba ba ya karɓarsu. In kuma gwaji ya nuna injektar ce da gaske, ba ya buɗe ta a garejinsa, wurin masu injin saita ta yake aikawa, kuma zai gaya maka haka tun kafin a kwance ta.