Kwana Ɗaya a Tsohon Gidan Attajiri a Zanzibar

Bayan mun kammala abin da ya kai mu Dar es Salaam, ni da maiɗakina muka shiga jirgin ruwa, tafiyar kimanin awa biyu, muka sauka a Zanzibar da nufin kwana ɗaya a tsohon garin da mazaunansa ke kira Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Masaukin da muka kama ƙarami ne, irin wanda kuɗin kwana ya haɗa da karin kumallo. A cewar mai kula da shi, wani attajiri mai fataucin kanumfari ne ya gina gidan a ƙarni na 19, bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa daga Maskat zuwa tsibirin wajen 1840, kasuwar garin ta bunƙasa.

Mota ba ta shiga lungunan unguwar saboda ƙunci, don haka mai tasi ya ajiye mu kusa da Forodhani, wani lambu da ke bakin teku, wani saurayi ya ɗora jakunkunanmu a amalanke muka bi shi a ƙafa. Wannan wani abu ne da ya kamata masaukin ya sanar da baƙo tun lokacin kama ɗaki, amma ba a gaya mana ba.

Ƙofar gidan kaɗai ta isa a tsaya kallo. Katako ne mai kauri da aka sassaƙa wa furanni, an jera masa ƙusoshin tagulla masu tsini, salon da aka ce daga Indiya ya zo, a gefenta kuma akwai dakali irin namu, wanda su suke kira baraza, dattawa na zaune a kai suna shan gahawa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗakin da aka ba mu a hawa na biyu. Dogo ne siriri, faɗinsa bai fi mita uku ba, rufinsa kuma can sama. Da na ɗaga kai sai na ga dalili: an jera sandunan boriti, itacen da ke fitowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, tsawon sandar kuwa shi ne iyakar faɗin ɗaki. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai rufin azara a cikin birnin Kano ko Zariya zai gane wannan nan take, bambancin kawai shi ne maginanmu sun nemi mafita ta hanyar bakan gizo, su kuwa sai suka riƙa ƙara wa ɗakin tsawo.

Bangon dutsen murjani ne da farar ƙasa, mai kauri ƙwarai, saboda haka duk da zafi da gumin waje, cikin ɗakin da sanyinsa. Gadon katako ne mai tsayi da gidan sauro a kewaye, zanin gado fes. Fanka da tagogin katako sun wadatar da mu har asuba.

Inda masaukin ya gaza kuwa, a kayan zamanin da aka cusa masa ne. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara kamar injin niƙa, tilas muka kashe ta. Banɗakin an yanke shi ne daga kusurwar ɗakin, babu iska, danshi ya kumbura fentin bango yana ɓarewa, ruwan shaya kuma yana zuba da ƙyar, mai zafin bai zo ba sai da muka yi magana sau biyu. Intanet ba ya wuce farfajiyar ƙasa, wanda ban ga laifin kowa a kai ba sai kaurin bangon. Matakalar bene kuma a miƙe take, kowane taki da tsayinsa daban, ba zan ba tsoho ko mai ciwon gwiwa shawarar ya kama ɗakin sama ba.

Kiran sallar asuba ya zo mana daga masallatai da dama lokaci guda, na sauka na yi jam'i a mafi kusa, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Bayan hantsi ya fara ɗagawa aka kira mu saman bene. An kawo mandazi, wanda ya yi kama da fanke sai dai da madarar kwakwa aka kwaɓa shi, da chapati, wata irin gurasa, da ƙwai, da gwanda da abarba, da shayi mai citta da kirfa. Matar da ta dafa ita ce ta kawo da kanta, ta kuma ƙara wa maiɗakina shayi ba tare da an roƙa ba. Daga inda muke zaune ana hango teku da jiragen ruwa masu filafilai, ana kuma hango inda Beit al-Ajaib yake, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rufta a Disambar 2020.

Kuɗin da muka biya ya ɗara na sabon otal mai irin wannan girma a wajen tsohon gari. Idan Allah Ya sake kai ni, a wannan gidan zan sauka, amma zan nemi ɗakin hawa na farko, in kuma tabbatar da batun ruwan zafi kafin in karɓi makulli.