Kalmar sirri da lambar tes, ko mabuɗin yatsa? Amsar tambayar Hajiya

Hajiya, barka da kasuwa. Tun da hantsi na ga tambayarki, aiki ne ya riƙe ni a shago, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, Hajiya atamfa da leshi take sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, a Ghana, rabin cinikinta ta WhatsApp ake yi, kuma kwana biyun nan wayarta ta dame ta da wani saƙo wai ta ƙirƙiri "passkey". Shi ne take tambaya wanne ya fi, wannan baƙon abu ko kalmar sirri da lambar da ake turowa ta tes, wato saƙon SMS, waɗanda muka saba da su. In kuma aka sace wayar fa, yaya ke nan?

Ni gyaran waya nake yi a unguwar Adum, nan Kumasi, saboda haka abin da nake gani a kan teburina shi zan faɗa. Shi wannan "passkey" ɗin, mabuɗi zan riƙa ce masa, ya fi sauƙi a baki, kuma aikinsa ke nan.

Kalmar sirri abu ce da kika sani, kike rubutawa da hannunki. Lambar tes abu ce da ake turo miki, ki karanta, ki kwafa. Duka biyun ta idonki da yatsunki suke bi, kuma duk abin da ido ya karanta baki zai iya faɗa wa wani. Mabuɗi ba ya bi ta nan. Ranar da kika amince aka ƙirƙira shi, waya za ta ƙera abu biyu masu dacewa da juna, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Kwaɗon ta aika wa Google ko WhatsApp su ajiye, ɗan makullin ya zauna a wajenki. Duk sanda za ki shiga, sai kamfanin ya turo wata sabuwar tambaya ta lissafi, wayar ta nemi yatsanki ko fuskarki ko lambar da kike buɗe allo da ita, sannan ta amsa da ɗan makullin. Su kuma su gwada amsar da kwaɗon da ke hannunsu. Ke kanki ba ki taɓa ganin ɗan makullin nan ba, ba ki haddace shi ba, ko an sa miki wuƙa a wuya ba ki da abin karantowa. Zanen yatsanki ma ba ya zuwa wurin kamfanin, a cikin waya yake tsayawa, aikinsa kawai ya shaida wa wayar cewa mai ita ce ta zo.

Abin ba na kamfani ɗaya ba ne. Wata ƙungiyar kamfanoni mai suna FIDO Alliance ce ta daɗe tana aikin, kuma a watan Mayu na 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar tare cewa za su ɗauke shi. Google ya buɗe shi ga masu Gmail a Mayun 2023. WhatsApp ya kawo shi wayoyin Android a Oktoban 2023, na iPhone a 2024. Tecno ɗinki, matuƙar Android ɗinta ya kai 9, za ta iya.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne ranar da ɗan damfara ya kira. Watannin baya wani dattijo mai sayar da goro a Alabar ya zo min da wayarsa a hannu, hularsa a karkace, ko sallamar kirki bai iya yi ba. Wani ne ya kira shi da Hausa tsantsa, ya gaishe shi da sunansa, ya ce daga kwamitin masallacinsu ne, za a yi taro ta waya da daddare, an turo masa lambar shiga, ya karanto a sa sunansa a jeri. Dattijo ya ɗaga gilashi ya karanto lambobi shida. Kafin ya gama shan shayinsa WhatsApp ɗinsa ya koma wata waya, kuma an fara bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa, wai yana asibiti a taimaka masa da sidi ɗari biyar ta MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya. Mutum biyu sun tura. Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne, a'a, surukinsa na cikin waɗanda aka roƙa. To wannan mutumin ba wawa ba ne, ya shekara talatin yana lissafin huhun goro a ka. An dai ba shi abu a hannu wanda ake iya roƙa, aka kuma roƙa da ladabi. A wajen mabuɗi irin wannan kiran ba shi da abin kamawa, domin babu lambar da za a ce karanto.

Haka kuma shafin bogi. Za a turo miki mahaɗa wai an kusa rufe asusunki, ko wai ga tallafi ana rabawa, ki danna, shafi ya buɗe sak na Google ko Facebook, har launi. Kika rubuta kalmar sirri, ta tafi. Aka ce sa lambar da aka turo, kika sa, ita ma ta tafi, ɓarawon yana can yana shigar da su a shafin gaskiya kafin lambar ta mutu. Mabuɗi kuwa a ɗaure yake da adireshin shafin da aka ƙirƙira shi dominsa. In adireshin ya bambanta ko da harafi ɗaya, wayar ba za ta fito da shi ba sam. Ke ana iya ruɗar idonki da tsakar rana kina tsaka da auna yadi, ita ba ta duba launi, adireshi take dubawa. A kan wannan kaɗai, a ganina, mabuɗi ya yi wa tsohuwar hanya fintinkau.

Akwai kuma zancen tafiya, tunda na san kina sarin kaya a Lome wani lokaci, ga kuma masu niyyar Makka. Lambar tes tana bin layi ne. In layinki bai kama a ƙasar da kike ba, ko kin cire shi kin sa na can, lambar tana yawo ba ta iso ki ba. Mabuɗi intanet kawai yake so, ko ta wayifai ɗin masauki ne. Wasu za su ce ai akwai manhajar da ke fitar da lambobi shida masu sauyawa duk daƙiƙa 30, irin Google Authenticator. Gaskiya ne, ba ta bukatar layi, kuma ta fi tes. Amma lamba ce dai, ana iya karanta wa mai kira.

Yanzu ga inda ba na son a yi mana daɗin baki. Mabuɗi ya kwashe nauyin duka ya ɗora a kan makullin allon wayarki. Duk wanda ya san lambar buɗe allonki, kuma wayar tana hannunsa, ya zama ke. Yatsa ba katanga ba ce ita kaɗai, domin in ya ƙi karɓa, kamar bayan alwala hannu a jiƙe, wayar lambar allo take nema a madadinsa. To mu duba yadda muke a zango. Jika ya san lambar don yana kallon bidiyo. Yarinyar shago ta sani don tana ɗaukar hoton kaya. Lambar kuma 1234 ce, ko shekarar haihuwa, ko zanen nan mai kama da L da kowa ke hange daga kujerar baya a trotro, motar haya. Rabin wayoyin da ake kawo min gyara, tun ban tambaya ba mai ita zai faɗi lambar da ƙarfi a gaban layin mutane. A irin wannan hali kalmar sirrin da ke cikin kanki ke kaɗai ta fi tsare ki daga na gida, ko da yake ba ta tsare ki daga na waje. Saboda haka kafin ki danna amincewa, ki sauya lambar allo zuwa shida waɗanda ba su da alaƙa da ranar haihuwar kowa, ki kuma duba jerin yatsun da aka yi wa rajista a wayar. Na taɓa ganin waya ɗaya da yatsu huɗu, mai ita ya san biyu.

Sai tambayarki ta biyu, in an sace wayar. Ɓarawon da bai san lambar allo ba ba zai amfana da mabuɗin ba, a kulle yake. Ki lura ma, a nan tes ce mai rauni, domin ana iya zare layi a sa a ƙaramar waya mai maɓallai, lambobi su ci gaba da shigowa hannun ɓarawo har sai kin je an toshe layin. Mabuɗanki kuma ba su bi wayar ba. A Android ana ajiye kwafinsu a rufe cikin asusunki na Google, a iPhone cikin iCloud. Kika sayi sabuwar waya, kika shiga da asusun nan, za a nemi lambar allon tsohuwar wayar, sai su dawo.

Amma ga ƙullin. Kafin su dawo sai kin fara shiga asusun Google ɗin, kuma mabuɗin shigarsa yana cikin wayar da ta tafi. Da me za ki shiga? Da kalmar sirri, ko lambar wayar da aka ajiye don ceto. Nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Da yawa ba su ma san suna da Gmail ba, yaron da ya sayar musu da wayar ne ya buɗe a tsaye, ya sa kalmar sirrin da shi ma ya manta kafin la'asar, wani lokaci har da lambar wayarsa a gurbin ceto. Layin kuma, tun da aka fara haɗa layuka da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a Oktoban 2021, akwai waɗanda da katin ɗa ko ƙani aka yi musu rajista, kuma in layi ya ɓata mai katin ake nema kafin a sake fitar da shi. In ƙanin yana Tamale ko ya haura Libiya, sai zaman jira. Wannan matsalar ta girmi mabuɗi, sai dai shi yana sa mutum ya shekara bai rubuta kalmar sirri ba, ranar da ake bukatarta kuma ta gudu daga kai. Don haka ki rubuta adireshin Gmail ɗinki da kalmar sirrinsa a takarda, ki ajiye inda kike ajiye takardun shago, ba cikin jakar da waya take ba. In kin kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida bayan kalmar sirri, Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace mai lamba takwas, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Su ma a kwafe su a takardar.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, ƙirƙirar mabuɗi ba ya toshe tsohuwar ƙofa. A Google kalmar sirrinki tana nan tana aiki. A WhatsApp ma har yanzu ana iya neman lambar tes a yi rajistar layinki a wata waya, wato dattijon nan na Alabar ko da yana da mabuɗi, in ya karanto lambobin nan shida, an shiga. Abin da zai tare ɓarawo a nan shi ne lambar sirri ta tabbatarwa mai mataki biyu da WhatsApp ke ba ki damar sawa da kanki, a sashen asusu cikin saituna, kusa da wurin mabuɗin. Ki sa duka biyun a zama ɗaya. Amfanin mabuɗin a nan shi ne ke kin daina bukatar tes, saboda haka duk lambar da ta shigo ba ki nema ba, kin san wani ne ke taɓa ƙofarki. Microsoft ne na sani yana barin mutum ya goge kalmar sirri gaba ɗaya, tun 2021.

MoMo kuwa babu ruwansa da duk wannan. In kin danna *170#, lambar sirrinki ce ke aiki kamar kullum, kuma ana iya roƙonta a waya kamar kullum. Kada wani ya kira ki ya ce zai sa miki mabuɗi a MoMo.

Ƙananan abubuwa biyu. In za ki shiga Gmail a kwamfutar wani, kamar wurin buga takardu, mabuɗi ya fi tsafta nesa ba kusa ba: kwamfutar ta nuna hoton nan mai murabba'i da ake kira QR, ki haska da kyamarar wayarki, ki sa yatsa, ba ki rubuta komai a madannin mutane ba. Sai dai dole bulutut ya kasance a kunne a duka biyun, don ta nan ake tabbatar da wayar tana kusa, kuma tsofaffin kwamfutocin shagunanmu da yawa ba su da shi. Kada kuma ki yarda ki ƙirƙiri sabon mabuɗi a kan na'urar da ba taki ba. Na biyu, in yaran sun matsa miki ki koma iPhone, kada ki sayar da Tecno ɗin ko ki goge ta sai kin shiga kowane asusu a sabuwar kin ga ya buɗe. Kalmar sirri tana bin mai ita duk inda ya je, mabuɗi kuwa sai an yi masa ƙaura a tsanake.

In da wayar mahaifiyata ce, Hajiya, zan kunna mata, amma sai na gama da lambar allo da takardar nan tukuna. Tunda yarinyar shago na ɗaukar hoton kaya da wayarki, shawarata ki samo mata wata ko ta hannu ce, taki ta zama taki ke kaɗai. In kin samu sarari ranar Asabar ki biyo ta Adum kafin azahar, ki taho da wayar da Ghana Card ɗin da aka yi rajistar layin da shi, mu fara duba lambar wa ke zaune a gurbin ceto na Gmail ɗinki.