Mako takwas a ajin koyon haɗa shafin intanet a PZ: abin da kuɗina ya saya min

Shekara shida ke nan ina aiki a wani shagon buga takardu a Samaru ta Zariya, kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Aikina buga furojet ɗin ɗalibai da cike musu fom a intanet. Yatsuna sun san kibod, amma ban taɓa sanin abin da ke bayan shafukan da nake wuni ina buɗewa ba. Wata Hajiya ce mai sayar da turaren wuta da humra ta tura ni aji. Ta zo buga katin kasuwanci, sai ta ce, "Kai da kake zaune gaban kwamfuta dare da rana, ba za ka yi min shafi irin na 'yan Kano ba?" Na ce, "Hajiya, sai dai in koya." Ta ce, "To ka koya mana, ɗan nan."

Cibiyar da na shiga tana saman wani bene a unguwar PZ ta Zariya, ƙasanta masu sayar da kayan waya ne. Ba zan kama sunanta ba, don akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Na biya naira 45,000 a kashi biyu, karatu Litinin da Laraba da Asabar, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Kuɗin bas daga Samaru ta Kwangila ban sa shi a lissafi ba, sai da wata ya ƙare na ji a aljihuna.

Malamin shi ne abin da ya fi komai daraja a wurin. Ranar farko wani ya tambaye shi yaushe za a fara WordPress, manhajar da ake haɗa shafi da ita ba sai an rubuta komai da hannu ba, ya ce ba yanzu ba. Ya sa kowa ya buɗe VS Code, inda ake rubuta umarnin shafi, wanda kyauta ake sauke shi, mu yi folda, mu yi fayil mai suna index.html, mu rubuta sunanmu a ciki mu buɗe a burauza. Ɗan cikin birni ne, don haka da babbar riga ya yi mana bayani: HTML shi ne yanka yadi da haɗa rigar, CSS shi ne aikin wuya, ko aska biyu ko aska takwas, JavaScript kuma shi ne zif da maɓalli, abin da ke buɗewa ya rufe. Ya ce wanda bai iya haɗa riga ba, kada ya fara da surfani.

Mako uku ya hana mu kwafo komai daga intanet, sai dai mu buga da hannunmu. Haushi ya kama ni a lokacin, ni da nake ganin na iya bugu. Wata Laraba na manta ban rufe alamar mahaɗa ɗaya ba, wato link, wanda in ka danna yake kai ka wani shafi, sai rabin shafina ya koma shuɗi da layi a ƙasa, duk inda ka taɓa sai ya kai ka wani wuri. Na kira shi. Ya zo ya tsaya a bayana, hannunsa a aljihu, ya ce, "Danna F12 ka duba da kanka." Minti ashirin na yi ina zufa kafin na ga harafi huɗun da na bari, wato </a> mai rufe mahaɗar. Tun ranar ban sake buɗe alama ban rufe ta nan take ba.

Abin da ya fi min daɗi kuwa shi ne rigimar haruffanmu. Na rubuta "humra mai ƙamshi da turaren ɗaki" a shafin gwaji, na buɗe a tsohuwar kwamfutar ajin, sai na ga ƙamshi ya koma Æ™amshi, ɗaki ya koma É—aki. Ni da na sha buga furojet ɗin 'yan sashen Hausa, na san wahalar ƙ da ɗ da ɓ, amma wannan sabuwa ce. Malam ya nuna min layi ɗaya da ake sa wa a saman fayil, wanda ke gaya wa burauza ta karanta rubutun da tsarin UTF-8. Ina sa shi, haruffan suka dawo hayyacinsu. Bayan mako biyu wata matsalar ta ɓullo: na ɗauko wani salon rubutu mai kyau daga Google Fonts, ashe babu ƙ a cikinsa, sai burauza ta aro harafin daga wani salon daban, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Wannan ko malam bai taɓa lura da shi ba, domin duk misalansa da Turanci yake yi. Tare muka gwada har muka tsaya a kan Noto Sans, wanda ke da haruffan duka. Bai ji kunyar cewa "yau na ƙaru" ba, kuma hakan ya ƙara masa girma a idona.

Ya kuma nace mana cewa masu buɗe shafinmu a waya za su buɗe, da datarsu mai tsada. Hotunan da Hajiya ta turo min kowanne ya haura megabait 4. Ya sa na rage su zuwa ƙasa da kilobait 200, kuma a waya ba ka ganin bambanci. Flexbox, dabarar jera abubuwa a shafi da CSS, shi ne ya ba ni wahala, mako guda cur ina jera kwalaben turare suna zamewa gefe.

Yanzu ƙorafi. Mu 14 ne, kwamfutoci 9, biyu daga ciki wasu maɓallansu sun mutu. Wanda ba shi da laftof sai ya zauna kusa da wani yana kallo, kuma wannan sana'ar ba a koyonta da kallo. Idan aka ɗauke wuta, sai an nemo mai wurin a waya kafin a tada janareta. Sau biyu aka sallame mu ba a yi karatu ba, ba a kuma rama mana ba. Takardar shaida ma sai a makon ƙarshe aka ce naira 5,000 ce daban. Ban karɓa ba.

Babban abin da ya ɓata min rai shi ne banar da ke ƙofa, mai alƙawarin cewa cikin wata biyu za ka ƙware ka fara karɓar dala. JavaScript kwana goma aka ba shi a ƙarshe. Malam ya ce wanda ya ƙirƙiro shi, Brendan Eich, cikin kwana goma ya rubuta na farko a 1995, sai wani a baya ya ce, "Shi ya sa mu ma aka ba mu goma?" Aka yi dariya, amma abin da muka fita da shi maɓalli ne mai canza launi in ka danna. Shi malam bai yaudare mu ba, ya faɗa ƙarara cewa mu ci gaba a shafukan koyo na freeCodeCamp da MDN, duka kyauta ne. Sai dai da Turanci suke, kuma babu mai tsaya maka a baya in shafi ya watse. Bayanin da Hausa da wannan tsayuwar su ne na ga kuɗina ya saya.

Wanda ke da laftof ɗinsa, kuma ya iya bugu ko da a hankali, zan ce ya shiga, amma ya tambayi kuɗin takardar shaida da batun janareta kafin ya biya. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya fara yin wata ɗaya a kan haka tukuna. Mutum biyu irin wannan suka daina zuwa a mako na uku.

Shafin Hajiya yana nan a GitHub Pages, inda ake ajiye shafi a intanet, ba a biyan ko sisi. Shafi ɗaya ne, hotuna tara da farashi, da mahaɗar da ke kai mai saye WhatsApp ɗinta kai tsaye. Na gaya mata in tana son adireshi mai ƙarewa da .com.ng, duk shekara ake sabunta kuɗinsa, ta ce a bari sai bayan Sallah. Ta ba ni naira 15,000 da kwalbar humra ɗaya "ta amarya in an samu". Shekaranjiya ta kira tana so a sa inda mutane za su riƙa biya da kati. Na ce, "Hajiya, a ƙara min lokaci." In mun rufe shago da tara, ina zama awa ɗaya da JavaScript kafin oga ya kashe janareta.