CSL ko Tempone? Sayi CSL

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wanne za ka saya tsakanin CSL da Tempone, sinadarai biyu da ake sa kaɗan a cikin samfuri don su ba da sigina a injin awo. Tunda kuɗin naka na guda ɗaya ne, kuma motsin ƙwayoyin 5CB, ruwan nan da ƙwayoyinsa ke jeruwa a sahu (liquid crystal), za ka bi da EPR, wato awon siginar elektiron marar abokin tarayya a cikin maganaɗisu, sayi CSL.

Da shi na yi aikina a nan Jidda, har yanzu ragowarsa na cikin firjinmu. Ƙwayarsa doguwa ce, ba ta lanƙwasa, jikin kolestan ne, ɗan'uwan kolestarol, aka liƙa wa naitroksaid, ɓangaren da ke ba da siginar EPR. Shi ya sa da ta shiga 5CB sai ta miƙe ta bi sahu, kamar wanda ya tarar an ta da salla. Ba na manta daren da na fara ganin haka. Bayan isha'i na sa samfurin a injin EPR na X-band, wajen gigahaz 9.5, ina ƙara zafi kaɗan-kaɗan. Muddin ruwan na ƙasa da digiri 35 na Celsius, layuka ukun da naitrojin ɗin naitroksaid ke fitarwa a siginar a matse suke, domin maganaɗisun injin ya jera ƙwayoyin, CSL kuwa ya bi su. Ana ƙetare 35 sai tazarar ta buɗe lokaci guda zuwa wajen gaus 15 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), jeri ya watse. Wallahi sai da na kira abokin aikina ɗan Sudan ya zo ya gani. Daga tazarar kake lissafa ƙarfin jerin, daga faɗin layukan kuma saurin juyawar, manhajar kwamfuta ta EasySpin za ta taimake ka.

Tempone kuwa na saya na yi da-na-sani. Ƙarami ne, kusan dunƙulalle, sai wulwulawa yake, da ƙyar yake jin jerin. Su Jack Freed a jami'ar Cornell sun ci moriyar nau'insa mai diyuteriyam (haidirojin mai nauyi) tun 1975, amma ba aikin mai farawa ba ne.

Kar ka cika CSL da yawa a cikin 5CB, ka tsaya ƙasa da milimol 1 a kowace lita, sannan ka busa iskar naitrojin ka kori oksijin, in ba haka ba layukan za su kumbura.

Sai dillalai. Wani ya taɓa kawo min kwalbar CSL da ta sha zafin sito, babu takardar gwajin kamfani, yana rantsuwa sabuwa ce. Siginar da ƙyar ta leƙo. Kar ka cika kuɗi sai ka narka ɗan kaɗan a ruwan toluwin ka auna siginarsa. Shi ma 5CB ɗin gwada shi: fari yake kamar tsinkakken nono, a 35 yake washewa. In ya washe tun wajen 30, mayar masa da kayansa.