Jakar saƙar da na saya don tafiyar Kano, abin da ta yi min da inda ta ba ni kunya

Tunda na sa hoton jakar nan a sitatus ake ta tambayata wai nawa na saya, kuma tana da amfani ko dai kwalliya ce kawai. Nace a bari sai na yi tafiya da ita tukuna, don irin wannan kayan ba a ɗaki ake gane kwalitinsa ba, sai an shiga tasha da yara uku, ɗaya na kuka ɗaya na jin fitsari ɗayan kuma ya ga mai gurasa. To mun je Kano mun dawo, yanzu ina da bakin magana.

Ni dai saƙar kwarashi nake yi, tun muna sakandare na koya, ba sana'a na ɗauke ta ba duk da in an matsa min nakan yi wa mutum hular jariri da safa ya ba ni kuɗin zare. Ita ce abin da ke sauke min gajiya in yara sun yi barci. Matsalar kawai mu ba ma zama, muna Kubwa, dangin Abbansu na cikin birnin Kano, nawa na Zariya, to duk hutun makaranta da sallah da biki da suna muna hanya. Da can a baƙar leda nake ƙunshe zaren in cusa a jakar kaya, kuma duk wadda ke saƙa ta san ƙarshen wannan labarin. Akwai tafiyar da na buɗe na tarar da farin ulu ya auri wayar caja, ga gorar zoɓo ta tsiyaye a kai, shawul ɗin da na kusa rabi ya koma kalar da ba ta da suna. Ranar har hawaye na yi wallahi, Abbansu yana min dariya wai a kan zare.

Jakar a wajen wata mai saida kayan saƙa ta Instagram na yi oda, ba zan faɗi sunanta ba don akwai ƙorafi a maganar tawa kuma ba tona asiri na zo yi ba. Dubu 16 na tura, dilibari dubu 3. Tace kwana biyu, sai da ta yi shida, kullum in na yi magana sai tace direba ne, direba ne. Na zaɓi ruwan toka aka kawo min ruwan ƙasa, da na tura mata hoto tace ai hasken waya ne. Haba baiwar Allah, wane irin haske ne zai maida toka ƙasa. Amma maganar gaskiya tana da fara'a, ba ta taɓa barin saƙona ba amsa ba, shi yasa ma na haƙura.

Siffarta kamar ƙaramar kular abinci ce, zagayayya, tsayinta bai kai kamu biyu ba. Murfin saman farar leda ce mai kauri kina ganin zarenki ta ciki, an huda ƙofofi huɗu an sa musu zoben ƙarfe, ta nan zaren ke fitowa. Ciki an raba gida-gida don kada curi ya hau kan curi. Ta gaba akwai aljihu mai zik da 'yan robobi a jere inda ake soke kwarashi, na jera nawa daga mai lamba 2.5 har mai lamba 5, da allurar ɗinke baki da tef ɗin awo da ƙaramin almakashi. Curin ulu mai giram 50 guda shida ta ɗauka min lafiya lau, amma irin manyan nan masu giram 100 in kin sa uku to murfin sai da dabara.

Abin da ya tada tafiyar, ƙanwar Abbansu ce ta haihu, haihuwar fari, ga shi a tsakiyar hunturu, kuma kin san sanyin Kano na Disamba da asuba ba wasa ba ne ga jariri. Suna kwana bakwai ne ba ya jiran kowa, ni kuma bakina ya riga ya ja min na ce mata ni zan yi hula da safa da 'yar rigar sanyi. Rigar na gama a gida, hula da safa nace a hanya.

A tashar Kubwa muka hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa. Layin nan tun 2016 aka buɗe shi, kilomita 186 ne daga Idu, tafiyar awa biyu da wani abu, kuma in dai saƙa ce ban san abin hawan da ya kai shi daɗi ba, ba birki ba rami ba mai ce miki matsa. A nan ne jakar ta biya kuɗinta. Na ajiye ta tsakanin ƙafafuna, zaren na fitowa ta hudar sumul, na ja ya taho, curin na ta juyi a gidansa bai faɗo ya gangara ƙarƙashin kujerar mutane ba kamar yadda ya taɓa min har wani bawan Allah ya miƙo min shi daga layi na uku yana murmushi. Auta tana cinyata, shekararta biyu, ta kama zaren ta ja iya ƙarfinta, da leda ce da komai ya zube, amma nan sai dai ta jawo tsayi kawai na maida. Kala biyu nake haɗawa, fari da ruwan ƙwai, kowanne ta ƙofarsa, ko sau ɗaya ba su sarƙe ba. Kafin mu shiga Rigasa na gama hular har da ɗan kunnenta, saura tuntun sama. Wata mata da ke gefena tun daga Jere take leƙe, ƙarshe dai ta kasa haƙuri tace don Allah 'yar'uwa ina ake samun wannan.

To daga Rigasa labari ya canza. Mun ɗauki adaidaita zuwa Kawo don mu samu motar Kano, ina saukowa na rataya jakar a kafaɗa ga goyo a baya, kawai naji ɓas, igiyar ta fita daga ɗinkinta ta gefe ɗaya. Ba wani nauyi ne a ciki ba fa, zare ne da gorar ruwan auta da na soka a gefe. Da na duba sai naga layi ɗaya tak aka bi da keke a wajen, ko maimaitawa ba a yi ba. Jakar dubu 16. Haka na rungume ta kamar jaririya ta biyu muka shiga Sharon.

Kuma duk mai ce miki tana saƙa a motar haya daga Kaduna zuwa Kano, ko dai a gidan gaba take zaune ita kaɗai ko kuma kanta ba irin nawa ba ne. Na gwada, don safa ce ƙarama nace ai ba komai, kafin mu kai Jaji idona ya fara juyawa, ƙirgen idon saƙar ya ɓace min sau uku, ga gwiwar hannuna na zungurar matar kusa da ni. Muna wuce Zariya na tusa komai na ja zik. Nan ma sai da zik ɗin ya ci zaren, don haƙoransa manya ne kuma ba a sa masa wani ƙyalle ta ciki da zai kare ba, sai a Kwanar Ɗangora da aka tsaya sallah na zauna na ɓanɓare shi da allura. Abu ɗaya da zan yaba, ƙurar hunturun nan da ta maida mu duka kamar an tono mu, gira fari leɓe fari, ko ɗigo ba ta taɓa farin ulun ba.

Babban aibin jakar kuwa sai a Kano na gano shi, kuma ba wanda zai gaya miki a talla. In kin zura zare ta hudar nan kin fara saƙa, to ke da jakar kun ƙulla aure, ba yadda za ki raba saƙar da jakar sai kin yanke zaren, tunda curin ba zai bi ta hudar ba, saƙar ma ba za ta bi ba. Ni da nake son in ɗauki 'yar safa kawai in soka a hijabi in shiga ɗakin mai jego, dole sai na kinkimi kula guda. Da sun tsaga hudar ta gefe sun sa maɓalli da an huta. Sannan zobe ɗaya bakinsa da kaifi, yana ta karce zaren yana tada masa gashi, sai da na shafa masa jan farce ya bushe sannan ya daina.

Gidan suna kuwa ba wajen saƙa ba ne, wannan ba laifin jaka ba ne. Daga tankaɗe sai gyaran kayan miya sai wanke-wanke sai gaishe-gaishe, ga yara sun haɗu da 'yan'uwansu sun zama sojoji. Kuma ke matar ɗa ce, ki zauna ki miƙe ƙafa da kwarashi ana aiki, kin san abin da za a ce ko ba a faɗa a gabanki ba. Sai bayan isha nake samun kamar rabin awa a ɗakin Hajiya, surukata. Daren farko ina ɗari-ɗari na fito da ita, sai ta miƙo hannu tace mu ga wannan abin naki. Ta juya jakar, ta leƙa, ta ja zaren ta murza shi a yatsa, tace "'yar nan wannan ai roba ce." Nace Hajiya ulu ne fa. Ta sa aka miƙo mata ashana, ta gutsiri ƙarshen zaren ta kyasta masa, sai ga shi ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri yana warin leda. Tace auduga in ta ci wuta toka take zama ki murje ta, gashin tunkiya kuma ƙaurin gashi yake yi. Ashe ita da ƙuruciyarta kaɗi take yi, gurza da shiɓa da mazari da alli a yatsa, abawar da take kaɗawa ake kai wa masaƙa. Shekara goma sha ɗaya ina auren ɗanta ban taɓa sani ba. Daga ranar kullum da dare ita ke riƙe min jakar a cinyarta tana warware min zare tana min gyara wai hannuna ya cika tsauri, in sassauta don ƙafar jariri ba ta son matsi.

Ita ce ma tace in kai yara marinar Ƙofar Mata su gani, tunda ba nisa. A jikin ƙofar wajen an rubuta 1498, yara suka yi ta lissafin shekarun da yatsa. Rijiyoyin rini birjik a ƙasa amma kaɗan ne ke aiki, baba da toka ake haɗawa a bar shi ya tsima, kuma abin da ya burge babbar 'yata shi ne yadda ƙyallen ke fitowa kore-kore sai ya sha iska a gaban idonki ya koma shuɗi. Ina da curin farin zaren auduga guda ɗaya a jakar da nake ajiye wa kayan zafi, na tambayi wani dattijo ko zai rinu, yace in dai auduga ce ba matsala amma ba a curi ba, sai an warware shi an yi masa lauje-lauje don ruwan ya ratsa. Da na nuna masa ulun ko taɓawa bai yi ba yace wannan ba ya kama baba, maganar Hajiya dai. Yaran suka riƙe min hannu biyu na naɗe audugar a hannunsu, aka tsoma, yanzu haka tana nan shuɗiya mai duhu, sai dai tana zuba a wankin farko da na biyu don haka ba zan yi wa jariri komai da ita ba, jakar waya nake so in saƙa.

To a saya ko kar a saya? In kina hawa jirgin ƙasa, ko kuna tafiya a motar gida kina gaba, ko kina yawan zaman jira a asibiti da wajen ɗaukar yara, kuma kina haɗa kala biyu zuwa uku, saya, za ki ji daɗinta. Amma ranar da ta iso kafin ki sa mata komai ki kai wa mai gyaran takalmi ya bi igiyar da zare mai ƙarfi, ni a bakin Kasuwar Rimi aka ɗinke min a naira 500 kuma har muka dawo ba ta ƙara motsi ba. Kar ki ɗauko bargo ko babban shawul, ba zai shiga ba kuma ba za ki samu lokacinsa ba, hula da safa da abin ɗora kofi su ne kayan hanya. In kuma kala ɗaya kike yi, gaskiya riƙe kuɗinki, ki samu robar kastad da ta ƙare ki huda murfin da ƙusa mai zafi ki goge bakin, aikin ɗaya ne. Hajiya ma cewa ta yi da ta san dubu 16 na bayar da ta ba ni tsohon kwandonta mai murfi kyauta.

A goma zan ba ta shida, da igiyar ba ta tsinke a Kawo ba da bakwai ne. Ranar suna jariri ya sa rigarsa da hularsa an yi hoto, safa kuwa ƙafa ɗaya ce ta samu, ɗayar sai bayan kwana biyu na ƙarasa a ɗakin Hajiya, kuma ta fi ta farkon girma kaɗan saboda na sassauta hannun kamar yadda tace.