Kiɗan kotso a kan na'urar Yuro dubu goma

'Yan uwa na Gusau da kuke tambayata yadda kayan sauti suke a nan Jamus, ga amsa. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai ba tsadar kayan ba ce.

Akwai wani akwati da masu son sauti a nan suke zuba wa kuɗi, ana ce masa DAC. Waƙar da ke cikin waya ko kwamfuta lambobi ce zalla, ita kuwa lasifika ba ruwanta da lamba, wutar da ke hawa tana sauka kaɗai take bi. Wannan akwati shi ke juya lambobin su koma wutar. Kowace waya tana da nata ɗan mitsitsi a ciki, amma a nan ana sayar da shi zaman kansa, tun daga mai araha har wanda ya fi sabuwar mota kuɗi. Kamfanonin Ingila irin su dCS da Chord su ne a sama, RME na Jamus a tsakiya, Topping da SMSL na China su ne na mai ƙaramin ƙarfi.

Na shiga wani shagon irin waɗannan kaya a Nurembag. Mai shagon dattijo ne, furfura har a gira. Bai auna ni da ido don ya ga ko zan iya saye ba. Ya kai ni ɗakin ciki, mai labule mai kauri da darduma, kujera ɗaya tal tana fuskantar lasifika biyu, ya kawo mini kofi. Ya jera akwati uku: na China na Yuro ɗari uku da 'yan kai, na Jamus da ya ɗan haura dubu, da na Ingila da ya wuce dubu goma. Ya sa faifan wata mata tana rera waƙa da fiyano. Da aka zo kan na Ingila sai na ji ɗakin ya ƙara faɗi, har jan numfashin matar ina ji. Na gaya masa haka.

Ya ce, "Idonka ne ya saurara. Yanzu bari mu ba kunne nasa."

Ya ɗauko mita ya daidaita ƙarfin ukun har bambancinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel ba, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Dalilinsa shi ne, in aka ɗan ɗaga wa ɗaya murya ko da kaɗan ne, kunne ba zai ce ya fi ƙara ba, cewa zai yi ya fi daɗi. Sannan ya koma bayana yana sauyawa ba tare da na ga wanda ke aiki ba. Wallahi faɗin nan da na ji ya ɓace. Wani lokaci in nuna na Ingila, wani lokaci na China, ba tsari.

Abin ba sihiri ba ne. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya ishi duk abin da kunnen ɗan Adam ke kamawa, daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Akwatunan yau kuwa, har masu araha, datti da tsuwwar da suke ƙarawa sun yi ƙasa da inda kunne ke kaiwa. Da yawansu ma ƙwaƙwalwar da ke juya lambobin iri ɗaya ce a cikinsu, ta kamfanin ESS na Amurka ko ta AKM na Japan, shi ya sa da masana'antar AKM ta Nobeoka ta yi gobara a Oktoban 2020 kamfanoni da dama suka koma ta ESS. Akwai waɗanda da gangan ake ƙera su don su tausasa siririn sauti, waɗannan kam ana iya jin bambancinsu, amma wannan zaɓin ɗanɗano ne. Sauran kuɗin yana tafiya ne ga ƙira, ƙarfen jiki, da suna. Dattijon ya ce in ina da kuɗi in zuba su a lasifika da gyaran ɗaki.

Ku duba fa, mutum ne da ribarsa ke kan mai tsadar. A nan doka ta ba mai saye shekara 2 in kaya sun zo da aibi, in kuma ta intanet ya saya yana da kwana 14 ya mayar ko ba dalili. A kasuwarmu gwaji shi ne a ƙure murya har gilashin shago ya yi rawa, a ce, "Alhaji ka ji ai, orijinal ce." Kana fita ƙofa ta zama taka, ko da wuta ta kama a hanya.

Daga nan ne ya tambaye ni ko ina da kiɗan ƙasarmu. Da murna na ciro waya na sa masa wata tsohuwar waƙar fada ta ƙasar Maradun da ƙanena ya turo mini. Abin da ya fito daga lasifikun nan har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Muryoyin 'yan amshi sun cure wuri guda, kotso ya koma kamar ana dukan kwali, ga wani shuu da ba ya yankewa. Ana tsakiyar baiti sai ga muryar mai tura waƙa ta hau kai, yana tallar shagonsa da lambar wayarsa. Dattijon bai katse ba, ya saurara har ƙarshe. Ya buɗe waƙar a kwamfuta ya nuna mini hoton sautinta, saman da siririn sauti yake zama duk baƙi, an share. Ya ce, "Wannan babban mawaƙi ne. Wa ya yi wa muryarsa haka?"

Na rasa bakin magana, don na san amsar. A Erlangen, nan kusa da mu, aka ƙirƙiro MP3 a farkon shekarun 1990. CD yana tafiya da kilobit (ma'aunin yawan lambobin waƙa) 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da muka saba da shi 128, wato an zubar da kusan tara cikin goma. In sau ɗaya aka yi daga tushe mai kyau, kunne yana haƙuri. Mu kuwa sai a kunna kaset ɗin da aka kwafa daga wani kwafin, a kara waya a bakin lasifika, a tura a saƙon murya, wani ya liƙa masa hoto ya mai da shi bidiyo, wani ya sake ciro sautin ya zuba a memori. Kowane hannu ya taɓa sai ya rage wani abu, kuma abin da aka zubar ba akwatin da zai dawo da shi, ko na nawa ne.

Ni na tsaya kusa da makaɗan kotso ranar hawan Sallah ina yaro. A ƙirji ake jin sa, kana jin yatsa yana danna fata yana sauya murya. Yaran da ke tasowa yanzu a Bakura da Talatar Mafara za su ɗauka wannan kwalin shi ne kiɗan kakanninsu. Mu ne kuma muke ƙara horar da kunnuwansu a gidajen biki, inda mai kiɗa ke ɗaga na'ura har lasifika ta yi ta gurnani, kowa na cewa ta yi. Kaset na asali suna can cikin buhu a zaure, zafi na ci, damina na ci, gara na jira.

Don Allah duk mai irin waɗannan kaset a gida, kada ya naɗa da waya. A sami rikoda mai lafiya, a goge kan da ke karanta kaset ɗin, a haɗa ta da kwamfuta ta igiya, a adana a WAV ko FLAC, wato irin fayil ɗin da ba ya zubar da komai, in za a tura a tura shi a matsayin fayil. Kada kuma kowa ya ɗora sunan shagonsa a kai.

Na China na saya. Ragowar kuɗin na nemi rikodar kaset ta hannu mai kyau da su, zan aiko wa ƙanena Gusau. Wutar nan da tamu awo ɗaya ne, 230, kan fulogi kawai zai sauya, amma na gaya masa kada ya kuskura ya jona ta ba sitabilaiza.