Wace ta ceci limamin?

A fadarmu ta Maradi, muna shan shayi, gardama ta kaure kan fim ɗin John Huston na 1964, The Night of the Iguana, inda Richard Burton ya fito limamin cocin da aka kora, ya koma jagoran 'yan yawon buɗe ido a Meziko.

Abokaina sun zaɓi Ava Gardner, mai masauki: ta ba shi wurin kwana, kuma wurinta ya zauna daga ƙarshe. Ba laifi.

Ni Deborah Kerr na riƙe, mai zanen da ke yawo da kakanta tsoho. Daren da hankalinsa ya gushe har aka ɗaure shi, ita ta zauna, ta haɗa masa shayi, ta saurare shi ba tsawa ba gori, har ya natsu.